Furar Goggo da Ranar Aikin Adda

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, har da mazan da za su leƙo. Sunana Hauwa, amma a unguwarmu nan Azare Kulu tela kowa yake ce mini. Ni ba marubuciya ba ce, keke da almakashi na sani. Abin da ya zaunar da ni shi ne, tun da yayata ta miƙe mata suke tare ni a shago da gidan biki suna tambayar yadda aka yi, ni kuma na gaji da ba da labarin rabi-rabi. Adda da kanta ta ce in rubuta duka, kada in rage komai. Goggo kuwa da na nemi izininta cewa ta yi, "Rubuta mana, wa ya taɓa iya rufe bakinki?" To ga shi nan.

Adda Maryam ita ce babbarmu. Duk wanda ya aurar da 'ya a gefenmu ya san ta, don ita ke yin kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Mace ce mai jiki, mai fara'a, kuma ba ta sauke tukunya sai ta ɗanɗana. Shayinta ma in ka kurɓa sai ka nemi ruwa saboda zaƙi. Mu a wurinmu wannan duk alamar hutu ce, in ta wuce sai mata su ce Malam Sale ya iya kiwo. Malam Sale shi ne mijinta, manomi ne, yana kuma taɓa sayar da hatsi a kasuwa.

Ni na fara gano abin. Ta zo shago in gwada ta, za mu yi ankon bikin 'yar maƙwabciyarta. Ina zagaya tef a ƙirjinta sai bayan hannuna ya gogi wani abu mai tauri a gefen nonon hagu, wajen hammata. Na ce, "Adda, mene ne wannan?"

Ta ture hannuna ta ce, "Ke dai gwada ni ki ba ni wuri, maruru ne ya ƙi fitowa."

Na ce, "Maruru babu zafi?"

Ta ce ai shi ya sa ba ta damu ba. Da na matsa mata ta ce tun kafin azumi ta ji shi kamar ƙwayar gyaɗa, yanzu ya ɗan ƙaru. Tun kafin azumi! A lokacin nan fa har an ci naman layya an manta. Na ajiye tef na ce wallahi almakashina ba zai taɓa yadin nan ba sai mun je asibiti. Ta ce ga aikin bukukuwa a gabanta. Na ce to ta ɗaura zanin gado ta je bikin. Mun yi cacar baki sosai ranar, amma ta san halina, washegari muka tafi.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba ya gode wa Allah. Ka yi sammako ka tarar mutanen Dambam da Itas da Shira sun riga ka, wasu har da tabarmarsu da kwanon abinci. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma sai ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne, koma can. A makon farko hoto aka yi mata. Mako na gaba aka ɗebi ɗan nama da allura aka aika gwaji wani gari, aka ce mu jira. Jiran nan ya fi komai cin rai. Adda ta ci gaba da suyar alkakinta kamar ba a yi komai ba, ni ce na dinga ramewa. Kuɗi kuwa ba zan tsaya lissafi ba. Riɗin da Malam Sale ya adana yana jiran ya yi tsada a makonnin nan ya tafi, daga baya saniya ta bi shi.

Ranar da sakamako ya dawo, likitan, wani mutum mai 'yar furfura da sanyin magana, ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce, "Hajiya, kansa ce, abin da muke kira daji. Amma kin zo da sauran dama. In muka cire nonon da wuri muka bi da magani, ina da kyakkyawan zato."

Ni na fashe da kuka, mai ciwon ce take bubbuga bayana tana cewa in yi haƙuri. Sai likitan ya ce akwai matsala ta biyu. Gwajin jini ya nuna tana da ciwon suga, ya kuma hau sosai, ita ba ta ma san tana da shi ba. Ya ce, "Ba zan sa miki wuƙa suga yana haka ba, wurin ba zai warke ba, ruɓewa zai yi. Sai ya sauka." Ya rubuta magani, ya ba mu ranar aiki nan da 'yan makonni, ya ce amma da wannan sharaɗin.

Adda ta ɗago ta ce, "Likita, alkakin ne ya ja mini?"

Amsar da ya ba ta ta zauna mini a kai, zan kawo ta yadda na riƙe. Ya ce, "Ba zan ce miki alkaki ko tuwo ne ya kawo ba, in na faɗa na yi ƙarya. Akwai matan da ba su damu da zaƙi ba, ciwon ya kama su. Akwai gado, akwai shekaru, akwai abin da mu ma ba mu sani ba. Abin da masu bincike suka lura shi ne, yawan suga da lemon kwalba da kayan fulawa da farar shinkafa kullum-kullum suna kawo ƙiba da ciwon suga, su kuma waɗannan suna ƙara wa mace haɗarin wannan ciwo, musamman bayan ta daina al'ada. Har yanzu ana kan bincike. Kada ki zauna kina tuhumar kanki. Na baya ya wuce, na gaba nake so ki taya ni."

Ni kuwa rabin maganar na ɗauko. Ga kuma saƙonnin da dangi suka dinga turowa a waya, wai suga shi ne abincin daji, in ka hana shi hatsi yunwa za ta kashe shi. Na tattaro kayana na dawo gidan Adda da zama, na kafa doka: ba tuwo, ba shinkafa, ba koko, ganye kawai. Ba a jima ba Adda ta fara ganin jiri, in ta miƙe sai ta dafa bango. Da muka koma asibiti wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Bauchi, ta tambayi abin da take ci. Na zayyana mata ina jiran yabo. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Madam tela, an ce ki rage, ba a ce ki kashe ta ba. Mai shan maganin suga za ki hana abinci? So kike ta zube miki a tsakar gida?"

Ta zaunar da ni ta koya mini. Tuwon dawa ko na gero ƙaramar malmala, miya ta fi tuwon yawa, a yawaita wake, zogale, rama, kifi da ƙwai. Abin da za a yanke gaba ɗaya shi ne suga, zuma, lemo, da kayan sana'ar Adda. Ta sa muka sayi ɗan injin nan da ake huda yatsa a gwada suga a gida. Na sha kunya ranar, amma matar nan ta yi mana rana, Allah ya saka mata da alheri. Cikin ikon Allah suga ya fara sauka a hankali, har muka fara dariya a gidan.

Ana cikin haka Goggo ta iso daga Katagum.

Dole in tsaya in gaya muku wace ce Goggo, in ba haka ba za ku yi mata mummunar fahimta. Goggo Dije yayar babanmu ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da aka tashi yaye Adda aka kai mata ita ta yi 'yan kwanaki ta manta nono, Goggo ta riƙe ta har aure. Ni a Azare na tashi gaban Innarmu, Allah ya jiƙanta, shi ya sa bakina yake a sake. Adda kuwa tarbiyyar Goggo ce zalla. Ba ta hawa kujera Goggo na kan tabarma. Ba ta faɗin sunan Dije ko da na wata ce. Ita ma Goggo saboda kara ba ta kiran sunanta, sai dai "'yar nan". Babbar dokar gidan Goggo kuwa ita ce, abin da hannun babba ya miƙo maka ba ka mayar da shi. Ko ka ƙoshi, ko ba ka so, karɓa za ka yi ka ci a gabansa. Mayarwa daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da shi ba. Adda ta haifi 'ya'ya, ta aurar, amma ba ta taɓa karya dokar nan ba.

Goggo ta sauka da ƙwaryarta da ludayinta da geron fura da 'yar jarkar zuma. Ni da bakina na zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce, "Goggo, ki taya ni tsaro. Likita ya ce in suga bai sauka ba, ba za su yi aikin ba."

Ta ce, "Maimaita."

Na maimaita. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, na ji." Na tashi ina murna na samu mataimakiya.

Su kuma 'yan dubiya kamar an buga musu ganga. Kowa da katan ɗin lemo, da malta, da burodi, da madarar gwangwani mai zaƙi. Su zauna su fasa kwalba su miƙa mata, "Ɗan kurɓa ki samu ƙarfi." Ba ka isa ka ce wa wadda ta biya kuɗin mota tun daga Shira ta koma da kayanta ba, sai a ce ka raina ta. Haka nake karɓa ina murmushin dole ina turawa ƙarƙashin gado. Shawara kuwa har ta yi yawa. Wannan ta ce sassaƙe, waccan ta ce hayaƙi, wata ta ce akwai mai magani a bayan Itas da ba ya kuskure. Amma maganar da ta fi yawo a bakinsu ita ce, daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa shi ke nan.

Ni da safe nake girki, in ba ta, in tafi shago, ba na dawowa sai la'asar. Kwatsam injin ya fara nuna suga yana hawa. Na zargi injin, na zargi maganin, har na zargi Adda da satar alkaki. Na bincike ɗakinta kaf ban ga komai ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Kulu."

Ranar aiki ta zo. Aka kwantar da ita, aka ɗebi jini, muka zauna a baranda ni da Malam Sale da Goggo. Likita ya fito yana girgiza kai. Ya ce ba zai yiwu ba, suga ya koma inda yake da farko, mu tafi gida. A bayana na ji wata murya a hankali ta ce, "Alhamdu lillahi." Na waiwaya, Goggo ce tana gyara mayafi.

Kafin mu tafi likita ya sake duba ƙullutun ya ce ya ƙaru. Ya ƙara mata magani, ya ba mu wata ranar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wannan kada ta wuce mu. Abin ba jiranmu yake ba. In ya bazu, aikin ba zai amfane ta ba."

Hamdalar nan ta Goggo ta tsaya mini a rai. Bayan kwana biyu na rufe shago da hantsi na dawo gida, ko sallama ban yi ba, Allah ya yafe mini. Na ɗaga labulen ɗakin. Goggo na zaune ta dama fura, ta karkata jarka tana tsiyaya zuma, ba ɗan ɗigo ba, zubawa take yi. Adda na durƙushe a gabanta tana jira.

Na ce, "Innalillahi! Goggo, kashe ta za ki yi?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta rufe jarkar ta ce, "Ke Kulu, rufe mini baki. Ke kika faɗa, na ji da kunnena, in da zaƙi a jininta ba za su yanka ba. To ba za su yanka ba. Ƙawata Yalwa da ƙafarta ta shiga mota, aka yanke mata nono, ko damina ba ta gani ba. Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani. Na karɓi 'yar nan ba ta iya cewa ruwa ba. Ba zan zuba ido a feɗe mini ita kamar akuya ba."

Na juya kan Adda. Na ce, "Ke kuma kin sani kike sha?"

Ta ce, "Na sani."

"To saboda me? Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

Ta ce, "Kulu, hannun Goggo ne."

Wallahi ji na yi kamar in haɗa su duka in girgiza. Na kai hannu zan fizge ƙwaryar in watsar, in ya so duk abin da zai faru ya faru. Sai Adda ta daka mini tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara. Ta ce, "Ajiye! Fita daga maganar nan, ba taki ba ce."

Ta tashi ta tura ƙofa. Ta dawo ta durƙusa inda take, ta cire rigarta. Ku gane, tun da Adda ta zama budurwa Goggo ba ta ƙara ganin jikinta ba, kunyar da ke tsakaninsu ta kai haka. Goggo ta kawar da kai tana salati. Adda ta kamo hannunta ta ɗora a kan wurin. Goggo ta ja, Adda ta riƙe gam.

Ta ce, "Goggo, taɓa. Da na fara jin sa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ranar da kika zo bai kai goro ba. Yanzu ji yadda ya zama. Yalwa sai da nata ya fashe yana wari sannan aka kai ta, ni nake yi mata wankin tsummoki, kin manta? Ba wuƙa ce ta kashe ta ba, jira ne. Nawa bai fashe ba tukuna."

Goggo ta daina jan hannun.

Adda ta cika ludayi da furar, ta sa shi a ɗaya hannun Goggo. Ta ce, "Tun da kika karɓe ni ban taɓa mayar da hannunki ba, yau ma ba zan fara ba. In kin ce in sha, wallahi sai na shanye ƙwaryar nan, gobe ma in sha. Amma ki ba ni kina sane da abin da kike ba ni. Ni dai ina so in rayu, Goggo. Autata ko sakandare ba ta gama ba."

Ta matso da fuskarta kusa da ludayin ta tsaya tana jira.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Fura tana ɗiga daga ludayin a kan tabarma. Ni kuwa na toshe bakina da mayafi don kada in ɓata abin. Can Goggo ta mayar da ludayin cikin ƙwarya. Ta jawo rigar Adda ta rufa mata a kafaɗa. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki ƙwaryar ta fita, muka ji ta tana juye wa awaki. Da ta dawo ba ta dubi Adda ba, ni ta duba, idonta jawur. Ta ce, "Ke mai baki, me aka ce ta dinga ci?"

Ranar na san yayata ta fi ni nesa ba kusa ba. Da ni ce, da na fasa ƙwarya, Goggo ta yi fushi ta koma Katagum, zumunci ya tsinke, Adda ta shiga ɗakin aiki da baƙin ciki a ranta. Ita kuwa ba ta ɗaga wa tsohuwar murya ba, ba ta karya mata doka ba, kuma ta ceci ranta. Duk inda na zauna ina faɗa, ina alfahari da ita.

Daga ranar aka samu sabon soja a gidan. Goggo ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakin Adda, ba mai shiga sai ta gabanta. Abin da ni ban isa in yi ba, ita ta isa, don babba ne kaɗai ke mayar da kayan dubiya a zauna lafiya. Wata Hajiya ta zo da katan ɗin malta a kan yarinya, Goggo ta ce, "Madalla, Allah ya ba da lada, an karɓa. Ɗauki ki kai wa jikokinki." Hajiyar ta buɗe baki, Goggo ta ce, "Ko kina da magana?" Ta ce babu. Har yayan Malam Sale da ya zo da dabino da zuma sai da ya koma da abinsa yana sosa ƙeya. Ita take tsinke zogale, ita take gyara wake, tana yi tana mita wai a tsufanta an mayar da ita mai dafa abincin awaki. Kullum da safe in na huda yatsan Adda sai ta leƙo ta ce, "Me injin naku ya ce?" In na ce ya sauka sai ta ce, "Uhm," ta koma kan carbinta.

Kada ku ɗauka tsoron ya bar ta. Na taɓa ce mata, "Goggo, yanzu kin yarda da likita ke nan?" Ta ce, "Ban yarda da wuƙarsa ba. Da 'yar nan na yarda."

Ranar aiki ta biyu ta zo. Aka ɗebi jini, muka zauna a barandar nan dai. Sai ga Sista Rifkatu ta fito tana murmushi ta ce, "Madam tela, ya sauka. Ku yi mata addu'a, za mu shiga." Aka turo Adda a kan gado, Goggo ta riƙe ƙarfen gadon tana bi har ƙofar da ba a wucewa, sai da Sista ta ɓamɓare yatsunta a hankali. Adda ta ɗaga mana hannu, aka rufe.

Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, Malam Sale ya faɗi ya yi sujada a wurin. Likita zai wuce Goggo ta tare shi. Ta ce, "Ɗana, tsaya. Ɗagawar da aka yi ta farko ni na jawo, ni nake ba ta zuma. Gaya mini gaskiya, na cuce ta?"

Ya ce, "Hajiya, mun tarar ya fara taɓa kaluluwar hammata, mun cire su. Ko a makonnin nan ya kai can, ko tun kafin nan, Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, da an ƙara ɗagawa, da wata maganar muke yi yanzu."

Goggo ta ce, "Na gode da ba ka ɓoye mini ba." Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta nemi buta ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Bayan wurin ya warke aka shiga ƙarin ruwan maganin daji, wata da watanni. Duk zuwa sai ta yi kwanaki tana amai, bakinta ya yi gyambo, ƙamshin girki ma ba ta so. Gashinta ya fara zuba a kan matashi, ta ce in ɗauko almakashina in gama da shi gaba ɗaya, ina yi ina hawaye tana tsokanata wai aski ya fi ɗinki karɓata. Wani zuwan a ce maganin ya yanke, mu nemo a waje da tsada. Wani zuwan jininta ya yi ƙasa a ce mu dawo wani mako, ga kuɗin mota ya tafi a banza. Akwai waɗanda suka ce asiri aka yi mata saboda kasuwarta. Akwai waɗanda suka daina ba ta aikin gara, sai ka ce ciwon a cikin nakiya ake ɗauka. Na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma in sun kawo ɗinki ina karɓa, amma ban manta ba. A gefe guda ga Malam Sale, bawan Allah, ko sau ɗaya bai canza mata fuska ba. Ga matan unguwa da suka karɓi girkin yara ba wanda ya roƙe su.

Yau Adda tana nan da ranta. Gashi ya fito, jiki ya ragu, da safe tana zagaya unguwa da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Tana zuwa asibiti a duba ta lokaci-lokaci, kuma duk zuwa gabanmu yana faɗuwa har sai an ce lafiya. Ta koma sana'arta, sai dai yanzu 'yarta ke ɗanɗanawa. Na ɗinka mata riguna da ɗan soso a gefen hagu, wata rana ta sa, wata rana ta ce zafi ake yi, wanda zai kalla ya kalla.

Don haka 'yan'uwa, ku dinga taɓa jikinku. Ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro, kada ku ce sai an gama biki. Ku rage zaƙi da lemo tun kuna lafiya, ku gwada suga ko ba ku jin komai, amma kada wani ya ruɗe ku cewa zogale ko yunwa za su maye gurbin asibiti. In za ku dubiya ku tambayi abin da mara lafiya yake ci kafin ku sayo katan. Tsofaffinmu kuma a zauna da su a fahimtar da su, don son da suke mana yana da ƙarfi, inda aka juya shi nan yake tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda ciwon nan ya tafi da su Allah ya sa kaffara ne.

Goggo ta koma Katagum bayan an gama maganin. Kwanakin baya ina gidan Adda da safe sai muka ji sallamarta, ba ta aiko za ta zo ba. Ta shigo riƙe da wuyan hannun wata mata, ba za ta wuce sa'ata ba, duk ta firgice. Goggo ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yar nan, ga Talatu, matar maƙwabcina. Ita ma ƙullutu ne a nononta, watanni tana shafa sassaƙe. Na ce ta zo asibiti ta ƙi, wai ai a bakina ta ji daji ba ya son ƙarfe. Ni na ɓata, ni zan gyara. Buɗe mata ta gani."

Adda ta ja labule, ta ɗaga rigarta. Matar ta ƙura wa tabon ido, dogo daga tsakiyar ƙirji har hammata, hawaye suka zubo mata. Da ƙyar ta ce, "Hajiya, da zafi?"

Adda ta ce, "Da zafi sosai, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ga ni a tsaye." Ta sauke rigar ta juyo wurina. "Kulu, miƙo mini mayafina. Talatu, share fuskarki mu tafi, na san layin da ake fara bi."